Yadda Ake Zubo Da Ruwan Indararo A Cikin Kwamfuta

Duk wanda hadarin Agusta ya taɓa ritsawa da shi a lungunan Ƙofar Na'isa, har ya fake a zauren wani gida, ya san ruwan sama a cikin birni kashi-kashi ne. Akwai mai saukowa daga sama zare-zare, iska na karkata shi. Akwai wanda ya taru a kan soro ya biyo indararo, ya fito da ƙarfinsa ya yi lanƙwasa kafin ya daki ƙasa. Akwai kuma na ƙasa, ja-ja-wur da shi, ya kwaso ƙasa da leda da ɓawon rake yana neman kwata. Mai son ya ƙirƙiri wannan yanayi a cikin kwamfuta dole ya raba ukun nan a kansa tun kafin ya kunna na'ura, domin kowanne da hanyar da ake bi a samar da shi, kuma ba dukansu ne suka cancanci a ɗora wa kwamfuta nauyin lissafinsu gaba ɗaya ba.

Ga dalilin da ya sa na damu da wannan aiki. A shekarar 2010 aka rushe tsohon ginin ƙasa na Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka yi sabon gini a wurin. Ganuwar da ta taso daga Ƙofar Ɗan Agundi ta wuce ta nan zuwa Gadon Ƙaya kuwa, kowa na ganin yadda take zaizayewa. Gidajen ƙasa na cikin unguwa su ma bulo da kwano suna ta maye gurbinsu. Mai shirya fim ɗin Hausa da ke son ba da labarin Kano ta shekaru ɗari baya zai wayi gari ba shi da inda zai kafa kyamara, sai dai ya gina lungun a cikin kwamfuta. Gina busasshen bango ba shi ne wahalar ba. Ranar da labari ya ce an yi ruwa, a nan ake gane wanda ya iya.

Abin da masu aikin ke kira similashan, wato kwaikwayon ruwa, shi ne ka bar kwamfuta ta lissafa inda ruwa zai kasance a kowane firam, wato kowane hoto guda na bidiyo, maimakon ka zana shi da hannu. Lissafin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani injiniya Bafaranshe, Claude-Louis Navier, ya rubuta shi a 1822, George Stokes na jami'ar Kambirij ya daidaita shi a 1845. A taƙaice abin da lissafin ke cewa shi ne abubuwa huɗu ke juya ruwa: gudun da ya riga ya ɗauko, matsin da maƙwabcinsa ke yi masa, nauyinsa da ke jan sa ƙasa, da danƙonsa. Sai sharaɗi ɗaya a kai: ruwa ba ya matsuwa. Jarkar da ta cika, in ka ƙara mata kofi ɗaya, kofi ɗaya zai zube. Har yau ba wanda ya warware wannan lissafi ɗungurungum, har ma Cibiyar Clay ta Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya a kansa tun shekarar 2000. Abin da kwamfuta ke yi kintace ne, tana yanka wuri gunduwa-gunduwa, ta yanka lokaci taki-taki, ta yi ta ƙiyasi. Riƙe wannan, domin duk matsalar da za ka ci karo da ita nan gaba daga girman gunduwar ko tsawon takin take fitowa.

Hanya biyu ce ake bi. Ka ɗauka kana tsaye a gadar Tamburawa da damina. Kana iya raba kogin gida-gida kamar guraben dara, ka riƙa rubuta saurin ruwan da ke ratsa kowane gurbi. Kana kuma iya watsa karan dawa dubu a ruwan ka bi kowanne da ido. Hanyar gurabe ta fi iya kiyaye sharaɗin rashin matsuwa, hanyar ƙwayoyi ta fi iya fallatsi da tartsatsi. Dabarar da ake kira FLIP ta haɗa biyun: ƙwayoyi ke ɗauke da ruwan, gurabe ke lissafin matsi. Yongning Zhu da Robert Bridson suka shigo da ita harkar zanen kwamfuta a 2005, bayan Jos Stam ya fitar da hanyarsa a 1999 wadda ta hana lissafin tarwatsewa idan an yi dogon taki. Ruwan da aka gani a fim ɗin Antz na 1998 yana cikin na farko-farko da aka yi ta hanyar lissafi, tekun Moana na 2016 kuwa jikan wannan aiki ne.

Manhajar da zan yi bayani a kanta ita ce Blender, saboda kyauta ce, halal, ba sai ka nemo kwafin sata mai ɗauke da cuta ba. Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya fara ta, aka sake ta ga kowa a 2002, kuma tun fitowar 2.82 a watan Fabrairun 2020 injin ruwan da ke cikinta shi ne Mantaflow, wanda ke aiki da FLIP. Manyan kamfanonin fim sun fi amfani da Houdini na kamfanin SideFX da ke Toronto, yana da kwafin koyo na kyauta, amma ban ba mai farawa shawarar ya soma da shi ba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka je titin Beirut sayen na'ura: Mantaflow da furosesa yake lissafi, katin girafik sai a wajen rendarin, wato fitar da hoton ƙarshe, yake amfani. Ram mai gigabait 16 zai kai ka inda wannan darasi ya nufa, da 8 ma za a taɓa, sai dai da haƙuri.

Kafin a taɓa kwamfuta

Gani ya kori ji. Ranar da aka yi ruwa, ka ɗauki wayarka ka sa ta a leda, ka nemi gidan ƙasa mai indararo, ka nemi izinin masu gida, ka ɗauki bidiyo. Ka ɗauka da saurin da aka saba, ka sake ɗauka da tsarin nan mai rage gudu. Ka ɗauki bakin indararon, ka ɗauki tsakiyar zubowar, ka daɗe a kan inda ruwan ke dukan ƙasa. Kada ka manta da bangon da ke bayansa.

Idan ka zauna ka kalli abin da ka ɗauko sau goma, za ka ga abubuwan da ba ka taɓa lura da su ba duk da a cikinsu ka girma. Ruwan yana fitowa dunƙule kamar igiya, yana murɗawa, sai ya sirance yayin da saurinsa ke ƙaruwa, kafin ya kai ƙasa ya fara tsinkewa guda-guda. Ba ya zuba bai ɗaya, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon yadda iska ke kaɗo ruwan saman. Inda yake sauka ya riga ya haƙa ɗan rami, ko an ajiye dutse ko bokiti. Ruwan farko da ya wanke ƙurar soro ya fi na bayansa duhu. Darussan da ke intanet kusan duka da ruwa garai-garai mai shuɗi-shuɗi ake yin su, irin na wurin wankan otal. Wanda ya kwaikwaye su ido rufe zai zuba wa lungun Kano ruwan da ba na Kano ba, kuma ɗan unguwa zai gane tun a daƙiƙar farko ko da bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba.

Sai awo. Ka auna tsayin indararon daga ƙasa, da faɗin bakinsa, da faɗin lungun. Mu ɗauka tsayin mita 4 ne, bakin kuma santimita 10. Abin da ya faɗo daga mita 4 yana isa ƙasa cikin kashi tara bisa goma na daƙiƙa, wato firam 22 zuwa 23 idan kana aiki da firam 25 a daƙiƙa. Rubuta wannan adadi a takarda ka manna a gefen allo. Da shi za ka gane ko girman abin da ka gina daidai ne. Kuskuren da ya fi kama masu koyo ke nan: akwatin da Blender ke buɗewa da shi mita 2 ne kowane gefe, mutum ya mai da shi kofin shayi bai rage girmansa ba, sai ya ga shayin na zuba a hankali kamar a mafarki. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, tanki aka ba ta aka ce kofi ne. Kuma duk lokacin da ka ƙara ko ka rage girman wani abu, ka danna Ctrl da A ka tabbatar da sabon girman, in ba haka ba injin ruwan zai iya yin lissafi da tsohon.

Akwati, maɓuɓɓuga da shinge

Abu uku ake buƙata, kuma dukansu a sashen fiziks ake naɗa su. Na farko shi ne domen, akwatin da duk lissafin ke gudana a cikinsa. Ruwa ba ya wanzuwa a wajensa. Na biyu fulo, wato maɓuɓɓugar ruwan. Na uku ifekta, duk abin da ruwa zai daka ya juya: indararo, bango, ƙasa, dutse, bokiti.

A kan akwatin nan zan daɗe, don a nan ake cin riba, a nan kuma ake asarar kwanaki. Lambar da ake kira rezolushan tana nufin gida nawa za a raba gefen akwatin da ya fi tsawo. Ka ce akwatinka mita 5 ne a tsaye, 3 a tsawon lungu, 2 a faɗi. Idan ka sa 100, kowane gurbi santimita 5 ne, jimillar gurabe 240,000. Bakin indararonka gurbi biyu kacal ke nan, ruwan zai fito kamar curin tuwo. Idan ka sa 200, gurbi ya koma santimita biyu da rabi, amma jimilla ta zama 1,920,000. Ninki biyu ka yi a lamba, ninki takwas ka samu a aiki, kuma da yake ƙananan gurabe na buƙatar gajerun taki, lokacin yakan kusanci ninki goma sha shida. Da ka yi sakaci ka bar akwatin mita 5 ta kowane gefe, gurabe miliyan 8 za ka biya wa, mafi yawansu iska ce zalla. Don haka ka matse akwatin ya rungumi inda ruwan zai bi kawai, kuma inda kyamara ke gani kawai. Kada ka yi lissafin ruwan da ke kan soro in ba za a nuna saman soron ba. Ka ɓoye maɓuɓɓugar a cikin indararon, ɗan taƙi kaɗan daga bakinsa, ka ba ta saurin farko na kamar mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, ka gwada da bidiyonka har lanƙwasar ta yi daidai.

Ka sa maɓuɓɓugar a kan infulo, mai zuba ba yankewa. Sannan ka sa wa saurin nata makullan motsi, ya ɗan hau ya ɗan sauka duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba a kan tsari ɗaya ba. Wannan ɗan aikin na minti biyar shi ke raba ruwan indararo da ruwan famfo. A ƙarshen lungun kuma ka buɗe gefen akwatin, ko ka ajiye abin da ke shanye ruwa, wanda ake kira autfulo, in ba haka ba lungun zai cika ya zama kududdufi.

Shingen da ruwa zai daka kada ya zama ainihin bangon da ka ƙawata da zane da tsagar yaɓe. Ka yi masa wakili mai sauƙi, mai kauri, rufaffe ta ko'ina, ka ɓoye shi daga rendarin. Ƙasan lungun kuwa kada ka bar ta sumul. Ka tona ramin da ruwa ya ci a ƙarƙashin indararo, ka yi ɗan kwari a tsakiyar lungu, ka karkata shi kaɗan zuwa inda kwata take, ka watsa duwatsu biyu-uku. Ruwa ba shi da siffar kansa, siffar ƙasa yake ara, saboda haka rabin kyan ruwanka a wajen sassaƙa ƙasar yake.

Yanzu taki. Ruwan da ya faɗo mita 4 yana isa ƙasa da saurin kusan mita 9 a daƙiƙa, wato santimita 35 a firam guda. Da gurbin santimita biyu da rabi, gurabe 14 ke nan yake tsallakewa tsakanin firam da firam. Idan kwamfuta ta yi taki ɗaya, za ta ga ƙwaya a saman bokiti yanzu, ta gan ta a ƙarƙashinsa anjima, ba ta san ta ratsa ƙarfe ba. Wannan shi ne sirrin yoyon da ke haukata masu koyo. Lambar CFL ita ke faɗin gurabe nawa aka yarda ruwa ya tsallake a taki ɗaya. Ka sa ta 2, ka ɗaga iyakar yawan taki daga 4 zuwa 8. In har yanzu yana yoyo, ka ƙara wa shingen kaurin fata a saitinsa, ko ka ƙara kaurin bokitin wakili. Ba wanda zai gan shi.

Ka fara gwaji da rezolushan 64, ka duba lokacin faɗowa da inda ruwan ke bi. Ka hau 100, ka gyara. Sai ka gamsu sannan ka hau 200 ko sama. Ka sani cewa ruwan zai ɗan canja hali duk lokacin da ka canja lambar, don haka gwajin ƙarshe ka yi shi da ainihin lambar a kan firam 40 kawai. Kuma ka fara lissafin kamar firam 50 kafin inda shot ɗin zai fara, domin kyamara ta tarar da ruwan ya riga ya kama hanya.

Lissafin ƙarshe shi ake kira bek, gashi ke nan, kuma sakamakonsa a wani rumbu ake tara shi firam bayan firam, wanda ake kira kesh. A nan halin da muke ciki ya bambanta da na masu koyarwa a intanet, don su ba sa tunanin ɗauke wuta. Na taɓa barin gashi ya kwana, wuta ta tafi da tsakar dare, batir ya ƙare kafin asuba, na tashi na tarar da aikin da ba zai ci gaba daga inda ya tsaya ba. Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ina adana fayil ɗin tukuna, don rumbun ya zauna kusa da shi, ba a jakar wucin gadi da kwamfuta ke sharewa ba. Ina zaɓar tsarin modula, mai gasa ƙwayoyi daban, fata daban, kumfa daban. Ina kunna zaɓin da ke ba da damar ci gaba, duk da ya fi cin wuri. Sannan ina gasawa kashi-kashi: bayan firam 50 in danna Esc, in adana, in ci gaba. Ka tanadi gigabait masu yawa a ma'ajiya, rumbun ruwa ba ya ƙoshi. Idan kuma a watan Afrilu kake aikin, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa, ka sa mata fanka, ka bar gashi sai dare, don furosesa na rage gudu da kanta idan ta yi zafi.

Ƙwayoyin da ka gasa ba su ne ruwan da za a gani ba, sai an lulluɓe su da fata, wato mesh. Ka bar ninkin fatar a 2. Idan ruwan ya yi ƙiba kamar kunu, ka rage faɗin ƙwayar fatar kaɗan-kaɗan daga 2 zuwa wajen ɗaya da rabi. In ka zarce, zai fara huda yana ƙyaftawa. Kafin ka gasa fatar ka kunna zaɓin adana saurin motsi, domin da shi Cycles, injin rendarin na Blender, ke yin dishi-dishin gudu. Ruwa mai zuba da babu wannan dishi-dishin kamar gilashin da aka daskarar yake fitowa. Feshi da kumfa da ƙwayar iska kuwa a ƙarshe ake gasa su. Suna iya kai miliyoyi, don haka ka ba su siffa mafi sauƙi, ƙaramin dunƙule mai fuska ashirin, kuma ka rage yawansu. Indararo ba teku ba ne, kumfarsa kaɗan ce, a bakin ramin take taruwa.

Launi da haske

Ruwa mai tsabta ba shi da launi, abin da ke kewaye da shi yake nunawa. Lambar karyewar haske a cikinsa 1.33 ce, ta gilashi kusan 1.5, kuma manhajar da ta gilashi take zuwa, sai ka gyara da kanka. Ga igiyar ruwan da ke zubowa, ka ba ta cikakken ratsawar haske, ka sa mata ɗan launin ƙasa a cikin jikinta ta hanyar shanye haske, yadda inda ya yi kauri zai fi duhu. Ga na ƙasa kuwa ga shawarar da za ta rage maka sa'o'i: ruwan lungu da ya kwashi jar ƙasa ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa ko da zurfinsa bai wuce yatsa biyu ba. Saboda haka ba ka buƙatar haske ya ratsa shi. Ka ba shi launin da ka tsinto daga bidiyonka, ka sa fuskarsa ta yi santsi sosai don ta ɗauki hoton sama da bango, shi ke nan. Da yake fata ɗaya ce ta haɗa na sama da na ƙasa, ka gauraya kayan biyu gwargwadon tsayi: daga santimita 20 zuwa sama mai haske, ƙasa da haka mai laka. Kumfar ma kada ka bar ta fara fat, ka ɗan rina ta.

Hasken ranar hadari ba shi da inuwa mai kaifi. Ka kashe rana, ka haska wurin da hoton sararin sama mai gajimare. Akwai irinsu kyauta a Poly Haven, ko ka ɗauki naka da waya daga kan bene. A lungu, sama siririya ce tsakanin bango biyu, kuma wannan siririn farin shi ne ke kwanciya a kan ruwan ƙasa ya sa ido ya yarda jiƙe yake. Ka sa kyamara inda za ta kama shi, ƙasa-ƙasa, tana kallon tsawon lungun.

Ruwan da ke saukowa daga sama kuma, kada ka kuskura ka sa shi cikin Mantaflow. Ɗigon ruwan sama bai wuce 'yan milimita ba, gurbin da zai kama shi sai ya cinye kowace irin kwamfuta. Tsarin ƙwayoyi na yau da kullum ya isa: dogayen ɗigo sirara suna faɗowa, iska na karkata su, dishi-dishin gudu ya mai da su zare. Zobban da ɗigo ke yi a kan ruwan kwance da kayan aikin Blender na fenti mai motsi ake yin su, a tsarin igiyar ruwa. Da shi kuma ake jiƙa bango: inda fallatsi ya taɓa, launi ya yi duhu, ya ɗan yi sheƙi. A nan ma sai ka koma ga ido. Bangon da aka yi wa yaɓe da makuba ba ya shan ruwa kamar tsurar ƙasa, rufin da aka shafe da laso kuma, wanda magina ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ruwa gangarewa yake yi a kansa. Ƙasan bango, inda fallatsi ke dukansa shekara da shekaru, a zaizaye yake ya shige ciki. Ka je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa bayan an ɗauke ruwa ka ga yadda ginin ƙasa ke bushewa, daga sama zuwa ƙasa, dabbare-dabbare.

Wanda ya iya wannan ya samu mabuɗin sauran. Danƙo lamba ce kawai a saiti: a ma'aunin manhajar, mai ya ninka ruwa sau 50, zuma sau 2,000, kuma tun fitowar 2.92 akwai injin musamman na abubuwa masu kauri. Da shi mai tallan man gyaɗa ko zuma zai samu abin da yake so. Kunu da koko sun fi wuya, don suna saki idan ana damawa su kama jiki idan an bar su, lamba ɗaya ba ta wadatar da su sai an riƙa motsa ta. Hayaƙin tukubar mai tsire da ƙurar dawakin hawan Daushe duk lissafi ɗaya ne, akwatin da maɓuɓɓugar kawai ake mayarwa na iska. Abin da nake fatan in ga wani matashi ya yi shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa: ruwan baba kore-kore ne a ƙarƙashin kumfarsa, zane na fitowa da wannan launi, sai iska ta taɓa shi ya rikiɗe shuɗi a kan idonka. Wannan aikin launi ne da lokaci fiye da aikin lissafi, kuma wanda bai tsaya a bakin rijiyar ya gani ba, ba zai san akwai shi ba.

Saura rendarin. Ka yi lissafin lokacinka tun da wuri: shot na daƙiƙa 10 firam 250 ne, in kowanne na cin minti 3, awa goma sha biyu da rabi ke nan. Ka rage yawan samfurin haske ka kunna mai share dusar hoto, ka duba ko bai cinye ƙananan feshin ba. Kada ka taɓa fitarwa kai tsaye a matsayin bidiyo. Ka fitar da hotuna ɗaiɗai, PNG ko EXR, yadda in wuta ta tafi a firam na 180 za ka tashi daga na 181. Ka fitar da ruwan sama a fayil daban da na indararo, domin a wajen haɗawa ka iya rage wannan ka ƙara wancan ba tare da ka sake komai ba. Eevee, ɗaya injin rendarin na Blender, ya fi Cycles sauri nesa, ya isa gwaji, kuma ga ruwan laka da haske ba ya ratsawa yakan isa har aikin ƙarshe.

Sautin da ka ɗauko ranar ruwa ka ɗora shi a kai, ƙarar dukan ƙasa daban, shuuu ɗin ruwan sama daban, in akwai bokiti a shot ɗin ka tuna ƙararsa na canjawa yayin da yake cika. Amma kafin ka ɗora, ka kashe sauti ka nuna wa wani dattijo ko wata gwaggo da suka yi rayuwa a gidan soro, kada ka gaya musu yadda aka yi. In aka ce maka, “Ɗana, wannan ruwa ai ya yi nauyi,” koma ka duba girman gini da adadin nan na firam 22. In aka ce ya yi tsabta, koma kan launi. In aka tambaye ka a wane lungu ka ɗauka, sai ka adana fayil ɗin a wuri biyu, ka share rumbunan gwaji don su ba ka wuri, ka buɗe shot na gaba. Bidiyon ruwan da za ka yi aiki da shi har ƙarshen rani kuwa, tsakanin Yuli da farkon Satumba ake tara shi, don da Oktoba ta shiga indararo ya bushe sai wata daminar.